Me Ke Cikin Adadi? Ƙidayar Ajingi da Gaya a Faifan Masu Lissafi

A watan Maris na 2006 aka yi ƙidayar jama'a ta baya-bayan nan a Najeriya. Da sakamakon farko ya fito a 2007, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta rubuta wa Ƙaramar Hukumar Ajingi mutum 174,137, maƙwabciyarta Gaya kuma mutum 201,016. Har yau waɗannan alƙaluma ne ɗalibai da yawa ke kwafa idan za su gabatar da garuruwan biyu a kundin bincike. Ɗan siyasa idan ya dube su, ƙuri'a da kason kuɗin tarayya yake hange. Mai lissafi kuwa wani abu daban ne zai fara ja masa hankali. Adadin Gaya yana rabuwa gida biyu, gida huɗu, gida takwas, babu saura. Na Ajingi ko an kwana ana gwadawa, babu abin da zai raba shi daidai sai ɗaya da shi kansa.

Duk mai takarda da biro zai iya tabbatar da wannan. Ruɗanin yana zuwa ne daga abin da ake ginawa a kai, domin mutane kan cakuɗa abubuwa uku: girman adadi, halinsa a lissafi, da asirin da wasu ke jingina masa. Rashin sanin na farko ne ke sa a kasa bambance miliyan da biliyan a labarin kasafin kuɗi. Na ƙarshen ne ke sa wasu su guji ilimin adadi suna ganin ƙanin duba ne, wasu kuma su rungume shi saboda wannan zaton. Na tsakiyar shi ne ilimin, shi kuma aka fi jahilta.

Kalmomin da ake cakuɗawa

"Lamba" aro ce daga Turanci, "adadi" daga Larabci, kuma a hira ana musanya su ba tare da damuwa ba. A nan za mu raba su. Adadi amsar tambayar "nawa?" ne: buhu nawa, tumaki nawa, mutum nawa. Lamba kuwa sau da yawa suna ce kawai. Lambar waya, da NIN, da BVN, kowacce alƙalami goma sha ɗaya ce, amma babu wadda ke nuna yawan wani abu, kuma wanda ya tara lambobin wayar matansa biyu bai sami komai ba. "Alƙaluma" su ne alamomin nan goma, daga 0 zuwa 9, da ake jerawa a rubuta kowane adadi. Wanda muke magana a kansa shi ne adadin ƙirga, wato wanda ba shi da rabi ko kwata, irin wanda ake ƙirga mutane da shi.

"Lissafi" da "hisabi" uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, daga kalmar Larabci al-hisab. Bahaushe ne ya raba musu aiki. Ya bar lissafi a kasuwa da makaranta, ya ajiye hisabi ga ranar sakamako, da kuma fannin nan na mayar da haruffa adadi don neman wani sirri. Rabin ruɗanin da ake yi daga kusancin waɗannan kalmomi biyu yake tasowa.

Daga keso zuwa tiriliyan

Kuskure ne a ce manyan adadi baƙi ne a ƙasar Hausa. Mutanen da suka yi ciniki da wuri dole su iya ƙirga mai yawa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya, saboda haka cinikin doki ko na tulin turkuɗi sai da dubbai. Keso ɗaya wuri 20,000 ne. Akwai metan, da arbaminya, da hamsaminya, da alfyan, da zambar da ake ninka dubu da ita. Ɗan goro har gobe ƙwarya yake cewa idan yana nufin ɗari.

Abin da ya zo daga baya shi ne miliyan da 'yan'uwanta, kuma da yake sunayen sun yi kama a kunne, sai a ɗauka tazararsu kaɗan ce. Miliyan dubu sau dubu ce. Biliyan miliyan dubu ce. Tiriliyan biliyan dubu ce. Wanda ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai kai miliyan cikin kwana goma sha ɗaya da rabi. Kafin ya kai biliyan sai ya shekara talatin da ɗaya da watanni. Tiriliyan kuwa tana buƙatar shekara fiye da 31,000. A takardar naira dubu, ɗauri goma masu ɗari-ɗari sun cika miliyan, amma biliyan sai ɗauri 10,000.

Mai sauraron rediyon Maraɗi ko Damagaram yana da ƙarin tarko. Abin da Najeriya ke kira biliyan, a Nijar miliyar ake ce masa, bisa tsarin Faransanci, inda kalmar biliyan ke nufin tiriliyan ɗinmu. Waƙafin da muke sawa a 174,137 don raba dubbai, a rubutun Faransanci alamar gutsure ce, sai a karanta shi ɗari da saba'in da huɗu da 'yan kai. Jaka ma haka: a Kano naira 200 ce, gadon fam ɗari na da, a Maraɗi kuwa sefa dubu.

Cika, mara, da gagara-rabo

Rabon farko da kowane yaro ya sani shi ne cika da mara. Cika shi ne wanda ke rabuwa gida biyu daidai, mara wanda ke barin ɗaya. Masallaci ya koyar da wannan tun kafin aji, da shafa'i da wutiri. 201,016 cika ne, 174,137 mara ne, kuma alƙalamin ƙarshe kaɗai ya isa ya nuna haka.

Daga nan sai ma'auni. A ɗauki adadi kamar tsibin gero. Duk mudun da zai auna tsibin ya ƙare cif, ba saura ko ƙwaya, shi ne ma'aunin wannan adadi. Ma'aunan 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Akwai dabarun gane wasu ma'aunai ba sai an yi doguwar rabawa ba. Idan alƙaluma uku na ƙarshe sun rabu da 8, dukan adadin zai rabu, kuma 016 na ƙarshen adadin Gaya ya rabu. Idan jimlar alƙaluma ta rabu da 3 ko 9, adadin ma haka. Alƙaluman Ajingi sun taru sun ba da 23, saboda haka 3 da 9 sun fita.

Adadin da ya haura ɗaya, wanda ba shi da ma'auni sai ɗaya da kansa, Larabawa suna ce masa awwal, wato na farko, don daga irinsa ake gina saura. A Hausa za a iya ce masa gagara-rabo. Su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka har illa masha Allahu. Wanda yake da wasu ma'aunan kuma haɗaɗɗe ne, murakkab a Larabce. Babbar ƙa'idar fannin ita ce kowane haɗaɗɗen adadi ana iya narka shi ya koma gagara-rabo da aka ninka da juna, kuma hanya ɗaya tak ce. Gaya gari ne da tarihin baka ya san shi da maƙera, to misalin bai yi nisa ba: kamar yadda ake narka tama a fitar da ƙarfen da ke cikinta, haka 201,016 idan ya sha wuta yake komawa 2 sau 2 sau 2 sau 25,127, shi kuma 25,127 ba ya ƙara narkewa. Ma'aunansa takwas ne kacal.

Ta yaya aka san 174,137 gagara-rabo ne, alhali babu wanda zai gwada raba shi da adadi dubu ɗari da saba'in da huɗu? Ba a buƙatar haka. Idan adadi biyu suka ninka juna suka ba da shi, dole ɗayansu ya kasance bai wuce 417 ba, domin 418 sau 418 ya ba da 174,724, ya riga ya haura. Kuma ba kowane adadi ƙasa da 417 za a gwada ba, sai gagara-rabo kawai, su kuwa tamanin ne, daga 2 zuwa 409. Rabawa tamanin aikin yini ɗaya ne ga ɗalibin sakandare mai haƙuri. Kowacce tana barin saura: 7 ya bar 5, 13 ya bar 2, 83 ya bar 3. Hanyar tace su ta samo asali ne daga Eratostenis, wanda ya riƙe babban ɗakin karatu na Iskandariyya fiye da shekara ɗari biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Larabawa suka kira ta girbal, wato rariya.

Gagara-rabo suna raguwa yayin da ake hawa. Akwai 25 ƙasa da ɗari, 168 ƙasa da dubu, 78,498 ƙasa da miliyan. Amma ba sa ƙarewa, kuma masanin lissafi Iƙlidis ya kafa hujjar haka tun wajen shekara 300 kafin miladiyya. A ce wani ya yi iƙirarin ya tattara su duka. Sai a ninka su gaba ɗaya a ƙara ɗaya. Sabon adadin babu ko ɗaya a jerinsa da zai raba shi, domin kowanne zai bar saura ɗaya, ke nan akwai wani gagara-rabo da ya tsere wa jerin. Ana yawan kuskuren cewa sabon adadin kansa dole gagara-rabo ne. Ba haka ba ne: 2, 3, 5, 7, 11 da 13 idan aka ninka aka ƙara ɗaya suna ba da 30,031, wanda shi ne 59 sau 509. Mafi girma da aka gano zuwa Oktoban 2024, ta hannun wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, ana samunsa ne idan aka ninka 2 da kansa sau 136,279,841 aka cire ɗaya. Alƙalumansa 41,024,320 ne. Da za a buga shi, alƙalami dubu uku a kowane shafi, zai ci shafi fiye da 13,600.

Kammalalle, mai rara, mai giɓi

Akwai wani rabon da ya zo daga Girkawa, malaman Musulunci suka raya shi. A tara ma'aunan adadi duka ban da shi kansa. Idan jimlar ta yi daidai da shi, kammalalle ne, tamm a Larabce, kamar 6 da yake 1 da 2 da 3, ko 28, 496, 8,128, sai kuma a yi tsalle zuwa 33,550,336. Guda 52 kaɗai aka sani a duniya, dukansu cika, kuma ko akwai kammalalle mara tambaya ce da ta fi shekara dubu biyu tana jiran amsa. Idan jimlar ta haura, mai rara ne, za'id. Idan ta gaza, mai giɓi ne, naƙis. Adadin Gaya mai giɓi ne, ma'aunansa sun tsaya a 175,904. Na Ajingi giɓinsa ya kai maƙura, domin jimlarsa 1 ce.

A nan akwai abin lura. Adadin da mutane suka zaɓa da kansu don mu'amala yawanci masu rara ne. Keso na 20,000 yana da ma'auni talatin. Fam ɗin da aka yi amfani da shi kafin naira ta zo a 1973 sule ashirin ne, kowane sule kwabo goma sha biyu, jimla kwabo 240, mai ma'auni ashirin, yana rabuwa tsakanin mutum uku, ko shida, ko takwas, ko goma sha biyu ba rigima. Kwabo ɗari na naira ma'auni tara gare shi, kuma mutum uku ba za su raba shi daidai ba. Adadin da aka zaɓa yana ɗauke da niyyar wanda ya zaɓe shi. Wanda ya fito daga ƙirga ba ya ɗauke da niyyar kowa, yadda ya faɗo haka yake.

Sai kuma aminai, mutahabba: adadi biyu da ma'aunan kowanne ke taruwa su ba da ɗan'uwansa. Ma'aunan 220 sun ba da 284, na 284 sun ba da 220. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fitar da ƙa'idar nemo irinsu. Aminan nan 17,296 da 18,416 da Turawa suka daɗe suna jingina wa Fermat na Faransa a 1636, malaman Musulunci sun riga shi da kusan shekara ɗari uku, cikinsu har da Kamaluddin al-Farisi.

Abin da zauren rabon gado ya daɗe da sani

Wanda ke ganin wannan ilimi na 'yan boko ne kaɗai, ya leƙa inda ake rabon gado a Kademi ko Toranke. Malamin da ya karanta babin fara'ili a Risala ko Muhtasar yana aiki da alaƙa huɗu tsakanin adadi biyu. Tamasuli: su zama iri ɗaya. Tadahuli: ƙaramin ya zama ma'aunin babban, kamar 3 da 6. Tawafuƙi: su haɗu a wani ma'auni, kamar 6 da 8 da suka haɗu a 2. Tabayuni: babu abin da ya haɗa su sai ɗaya.

A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, ɗaya cikin takwas. Mahaifiyar tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Da yake 8 da 6 sun yi tawafuƙi a rabi, sai a ninka rabin ɗayan da ɗayan, asalin mas'ala ya zama 24. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya, waɗanda kawunansu biyar ne tunda namiji yana da rabon mata biyu. To 17 gagara-rabo ne, shi da 5 tabayuni ne, babu dabara sai a ninka dukan mas'alar da biyar ta koma 120. Mata 15, uwa 20, kowane ɗa 34, 'ya 17. Idan dukiyar naira 1,200,000 ce, kowane kaso naira 10,000 ne. Abin da malamin ya yi shi ne abin da littafin lissafin ƙaramar sakandare ke koyarwa da wasu sunaye na Turanci. Abin takaici ne a ce yaro ya zauna a aji da safe, ya zauna a zaure da dare, bai taɓa jin wani ya ce masa darasi ɗaya ake yi masa sau biyu ba.

Sakamakon 2009 da maganar 41

A 2009 gwamnati ta fitar da sakamakon ƙarshe na ƙidayar. Jimlar ƙasa ta tashi daga 140,003,542 zuwa 140,431,790, ta Jihar Kano daga 9,383,682 zuwa 9,401,288. Ajingi ta ragu da mutum 1,527 ta koma 172,610. Gaya ta ƙaru da 6,403 ta koma 207,419. Ranar ƙidaya ɗaya ce, mutanen su ne dai, amma halin adadin ya juye. Na Ajingi da ya gagari rabo yanzu cika ne, 2 sau 5 sau 41 sau 421, mai ma'auni goma sha shida. Na Gaya da yake cika ya zama mara, 41 sau 5,059.

Mai ido ya riga ya ga 41 ya fito sau biyu. Ƙananan hukumomi biyu masu iyaka da juna, masarauta ɗaya, kujera ɗaya a Majalisar Wakilai tare da Albasu, kuma adadinsu duka ya rabu da 41, adadin da kowane Bahaushe ya sani a karatun Yasin ƙafa arba'in da ɗaya. Mai son gina labari ya sami tubali. Amma lissafi yana da amsa mai sanyi. Idan aka ɗauko kowane adadi biyu da ka, damar su haɗu a wani ma'auni ta kusa kashi 39 cikin ɗari. Da wani ya ambaci 41 tun kafin sakamako ya fito, da abin mamaki ne, domin damar haka ɗaya ce cikin 1,681. Wanda ya jira sakamako ya fito sannan ya shiga tono, ba zai rasa abin da zai nuna ba. Da 19 ne ya fito, ko 7, ko 99, da kowanne an samo masa fassara.

Haka zancen gagara-rabon Ajingi. A wannan yanki na ƙirga, kusan ɗaya cikin kowane adadi goma sha biyu gagara-rabo ne. Cikin ƙananan hukumomin Kano 44, ana sa ran uku ko huɗu su faɗo a kansa ba da nufin kowa ba. Da mai ƙidaya ya tarar da ƙarin jariri ɗaya a Balare ko Kunkurawa, da adadin ya zama 174,138, wanda ke rabuwa da 2 da 3 da 6. Kuma rabuwar 172,610 gida goma daidai ba ta nufin kowace mazaɓa cikin goman Ajingi tana da mutum 17,261.

Masu hisabi, masu inkari, da masu cewa wasa ne

Ra'ayi na farko shi ne na masu ganin adadi yana da tasiri a ɓoye. Wannan tsohon fanni ne a ƙasar Hausa, kuma ba daidai ba ne a ce ma'abotansa ba su iya lissafi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya tafi aikin hajji ya zauna a Masar, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Hatimi mai gida uku-uku, da aka zuba 1 zuwa 9 a ciki, kowane layi nasa 15 yake bayarwa, a tsaye, a kwance, da a karkace. Mai gida biyar-biyar 65 yake bayarwa. Masana tarihin lissafi suna ambaton al-Kashinawi har yau saboda hanyoyin ginin nan. Masu wuridin Ya Laɗifu kuma sun san 129, jimlar haruffan sunan a abajada, sun san 16,641, wanda shi ne 129 sau 129, abin da masu lissafi ke kira murabba'i.

Sai dai ƙimar haruffa yarjejeniya ce ta mutane, kuma ba ɗaya ba ce ko'ina. A abajadar gabas sinun 60 ne, shinun 300. A ta Magrib, wadda malaman ƙasar Hausa suka gada, sinun 300 ne, shinun 1,000, shi ya sa ramzin shekarun ƙarni na goma sha uku na Hijira a waƙoƙin ajami yake farawa da shinun da ra. Adadin 786 da ake rubutawa a madadin Bisimilla lissafin gabas ne. A lissafin Magrib 1,026 zai bayar. Amma 174,137 gagara-rabo ne a Kano, da Fas, da Bagadaza, ko da wane rubutu aka rubuta shi. Bambancin hisabi da lissafi ke nan a aikace.

Ra'ayi na biyu na malaman da ke ganin hatimi da lissafin haruffa ƙofar sihiri da duba ne, suna hana su. Saɓani ne na malamai, kuma ba wannan sharhi ne zai yanke shi ba. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada hanin ya shafi abin da bai shafa ba. Ibn Haldun, a Muƙaddima, ya ambaci yadda masu ɗalasimai ke amfani da 220 da 284 don haɗa soyayya, amma a babin sihiri ya sa wannan. Ilimin adadi ya ware masa wuri daban cikin ilimomin hankali, ya kuma lissafa rabon gado cikin rassansa.

Ra'ayi na uku na masu cewa duk wannan wasan ƙwaƙwalwa ne da ba ya sa tuwo a kwano. Suna da abin kamawa. Sanin cewa adadi kammalalle ne ko mai giɓi bai taɓa gina rijiya ba, kuma G. H. Hardy, babban masanin fannin a Ingila, ya yi alfahari a 1940 cewa iliminsa ba shi da amfanin yaƙi. Zamani ya ƙaryata shi ta wani ɓangaren.

Inda abin ya taɓa aljihu

Ninka 41 da 5,059 aikin minti ɗaya ne. Amma a miƙa wa mutum 207,419 a ce ya nemo waɗanda aka ninka, sai ya bi gagara-rabo goma sha biyu suna ba shi saura kafin ya iso 41. Yayin da adadin ke girma, ninkawa tana nan da sauƙinta, warwarewa kuwa tana zama dutse. A kan wannan rashin daidaito Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin kulle saƙo na RSA a 1977. Ana ninka gagara-rabo biyu manya, a bayyana sakamakon ga kowa, a ɓoye su biyun a matsayin mabuɗi. A 2020 wasu masana suka warware irin wannan adadi mai alƙalami 250, bayan aikin da za a ce kwamfuta ɗaya ta shekara kusan 2,700 tana yi. Wanda aka fi amfani da shi a intanet alƙalami 617 ne. Ɗan ƙarfen da ke jikin katin cirar kuɗi yana amfani da irin wannan kulle wajen tabbatar wa na'urar mai POS a tashar Gaya cewa katin ba jabu ba ne. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa wata sabuwar irin kwamfuta, mai aiki da ƙa'idojin ƙwayar zarra, za ta iya karya shi idan an gina ta da girma, shi ya sa a 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sababbin makullai da ba su dogara ga gagara-rabo ba.

Ko lambar asusun banki mai alƙalami goma, wadda ita ma suna ce kawai, akwai lissafi a wutsiyarta. Alƙalamin ƙarshe mai gadi ne. Ana samo shi ta ninka lambar bankin da sauran alƙaluma tara da 3 ko 7, kowane alƙalami gwargwadon gurbinsa, a tara, a duba abin da ya rage a cika goma. An zaɓi 3 da 7 ne don su da 10 tabayuni ne, saboda haka kuskuren alƙalami ɗaya dole ya sauya sakamakon, na'ura ta ƙi karɓa.

A fagen ƙidaya kuwa, adadi ɗaya ba ya tona komai, amma taron adadi yana tonawa. Masana ƙidaya sun daɗe da lura cewa a Najeriya, kamar a ƙasashe da yawa da rajistar haihuwa ba ta wadata ba, shekarun da mutane ke faɗa suna taruwa a masu ƙarewa da 0 da 5. 'Yan shekara 40 sukan fi 'yan 39 da 'yan 41 yawa nesa ba kusa ba, alhali haihuwa ba ta san wannan ba. Idan ƙirga ta gaskiya ce, alƙalamin ƙarshe na jimlar kowane ƙauye ya kamata ya bazu, kowanne daga 0 zuwa 9 ya fito kusan sau ɗaya cikin goma. Inda aka zauna a ɗaki aka ƙirƙiri alƙaluma, hannun ɗan Adam yakan karkata, ko dai ya cika sifili da biyar, ko ya guje su fiye da kima don kada a gane. Wannan ba hujjar maguɗi ba ce ita kaɗai, alama ce ta inda ya kamata a koma a duba.

Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk ranar da aka yi ta, idan hukuma ta fitar da alƙaluman ƙauye-ƙauye ba jimlar ƙaramar hukuma kaɗai ba, malamin lissafi a kowace sakandare ta Gaya ko Ajingi zai iya raba wa ɗalibansa jerin, kowa ya ƙirga sau nawa kowane alƙalami ya zo a ƙarshe, su gama kafin a kaɗa ƙararrawar tashi.